Daga Alƙalamin Masani Zuwa Fadamar Wurno

Manomin rani a Wurno, Rabah ko Goronyo yana da ruwa, tun ma ba bayan an kammala madatsar Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984 ba. Abin da ke cinye ribar shinkafarsa da albasarsa shi ne kuɗin man injin ban-ruwa. Shi ya sa masu hali suka fara komawa ga faifan sola. To, ina faifan nan ya samo asali?

Daga takarda da alƙalami ya fito. A 1900 wani Bajamushe, Max Planck, wanda daga baya ya zama dattijon ikilisiya a Balin, ya nuna cewa ƙarfin haske yana fita ne ɗiɗɗigo-ɗiɗɗigo. Wannan shi ne mafarin ilimin kwantom. A 1928 Felix Bloch ya lissafa yadda ƙwayoyin lantarki ke tafiya cikin daskararren abu. A lokacin ba wanda ya ga amfanin lissafin a gona. Sai a 1954 masana a Amurka suka ƙera faifan silikon mai mayar da kashi 6 cikin ɗari na hasken rana zuwa lantarki. Na yau yana kai kashi 20.

Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba. Farfesa Alexander Animalu ya sami digirin dakta a Kambirij a 1965, ya kuma wallafa littafi kan kwantom na daskararrun abubuwa a 1977. A nan gida, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi a Sakkwato.

Aiki kuwa bai ƙare ba. Haske faifan yake so, zafi yana rage masa ƙarfi, ga shi kuma a Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40. Ƙurar hunturu ma tana rufe fuskarsa. Wa zai warware mana waɗannan in ba 'ya'yanmu ba?

Saboda haka iyaye da shugabannin ikilisiya, in yaro ya ce fiziks yake so, kada a ce masa, "Me za ka ci da shi?" A saya masa littafi, a sa shi cikin addu'a. Allah da ya halicci rana shi ya ba mutum hankalin bincikenta. Ubangiji ya yi mana jagora, amin.