Bindigar Kurtu Ta Zama Kayan Tarihi

Idan aka jera bindigar da kurtu ke koyon harbi da ita kusa da bindigar yaƙi, sai mai ido ne zai bambanta su. Tsayi da nauyi kusan ɗaya ne, amma harsashin bindigar kurtun ɗan mitsitsi ne, wanda ake kira .22. Kuɗi ne ya sa aka ƙera ta. Harsashin yaƙi na da tsada, ga ƙara, ga naushin kafaɗa da ke razana kurtu tun bai iya saiti ba.

Jamus ta ci moriyar dabarar sosai. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta taƙaita sojojinta zuwa 100,000. Don a kewaye wannan takunkumi, a 1934 aka fito da DSM 34, ƙirar kamfanin Mauser, wai bindigar wasanni ce, alhali da ita matasa ke koyon harbi. Ingila kuwa Lee-Enfield No. 8 ta bai wa ɗaliban soja, suka shafe sama da shekara 60 da ita.

Yau masu tara kayan tarihi a Amurka da Turai ke farautar waɗannan bindigogi, kuma gyaran sai mai haƙuri. Wata takan zo cike da daskararren man ajiya mai danƙo, sai a shanya katakon a rana, man ya riƙa tsattsafowa kamar gumi, a goge, a sake shanyawa. Gwanaye ba sa kusantar katakon da sanfefa, domin tana cinye hatimin da masu duba makamai suka buga. Kafin ciniki ma, lambar jikin bindigar ake fara dubawa, a ga ko ta yi daidai da ta sauran sassan.