Kurege a gona da gubar da ba ta san iyaka ba

Duk wanda ya taɓa shuka gyaɗa a gonar da ke bakin daji ya san wannan safiyar. An yi ruwan shuka, ka zuba irinka da ka saya da tsada, bayan kwana uku ka dawo duba gona, sai ka tarar da ƙananan ramuka jere a kan kunya, kowanne daidai inda diddigenka ya danne ƙasa. Ba a kuskure ko ɗaya ba. A gefe ga jan fatar ƙwayar gyaɗa, ga sawun ƙafa masu dogon farce. Kurege ne ya bi layin shukar tamkar da shi aka yi ta.

Haka muka tarar a gonar kawuna wata damina ina saurayi. Ya daɗe tsaye, hannunsa a ƙugu, sannan ya ce da ni: "Ɗan nan, ƙirga mini kunyoyin da ya taɓa." Na ƙirga, shida ne, kuma dukansu a ɓangaren da ke maƙwabtaka da wani tsohon suri da sabara ta rufe. Tsakiyar gonar ko ƙwaya ɗaya bai ɗauka ba. A lokacin ban gane amfanin ƙirgar ba. Yanzu ina ganin a cikinta ne rabin maganin kurege yake.

Kuregen ƙasarmu, mai farin zane a haƙarƙari, wanda masana ke kira Xerus erythropus, ya bazu tun daga Senegal har Habasha da Kenya. Da rana yake fita, dare kuwa yana cikin rami. Raminsa yakan kasance da ƙofa fiye da ɗaya, kuma yana son tsohon suri da gindin itace da tarin duwatsu, wuraren da garma ba ta shiga. Cimarsa saiwa da 'ya'yan itace da ƙwari da iri. Gyaɗa da masara da rogo da dankali kuwa abin so ne. Yana kuma binne abinci don gobe, shi ya sa abin da yake kwashewa ya fi abin da cikinsa zai ɗauka. Amma abin da manomi ya kamata ya riƙe shi ne tsoronsa. Shaho da shirwa na samansa, maciji da tunku da dila na ƙasa, don haka ba ya son yin nisa da inda zai faɗa idan an biyo shi. Ɓarnarsa a gefen gona take taruwa, kuma a lokaci biyu: makonni biyun farko bayan shuka, da lokacin da amfani ya nuna.

Maƙwabcin kawuna bai tsaya ƙirga ba. Ya je kasuwa ya sayo shinkafar ɓera, ya cuɗa da dakakken ƙuli-ƙuli, ya zuba a fasassun ƙwarya a bakin ramuka. Ba na zarginsa da mugunta. Mutum ne da ya ci bashi ya sayi iri. Amma kafin mako ya zagayo, zabi huɗu na wani gida sun mutu a burtali, kuma karen wasu makiyaya ya kwanta bai tashi ba. Abin da har yau yake tayar mini da hankali shi ne yaran da suka tsinci kurege yana tangaɗi, suka buge shi, har sun fara hura wuta za su babbaka, Allah Ya kawo wani dattijo ya ƙwace. A ƙasarmu kurege nama ne. Tsakanin ƙwaryar guba da bakin yaro taki ɗaya ne kacal.

Akwai inda aka gwada hanyar guba da dukkan ƙarfin hukuma, fiye da shekara ɗari, kuma ya kamata mu san yadda ta kaya. A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani ɗan'uwan kuregenmu da ke addabar gonakin almon da wuraren kiwo, yana gwaguyar robar ban-ruwa, yana rarake gaɓar madatsun ruwa da ramuka. Abin ya wuce asarar amfanin gona a shekarar 1908, lokacin da aka gano cewa baƙar annobar nan da ƙuma ke yaɗawa, wadda ta shiga birnin San Firansisko a 1900, ta kama kuregen daji. A 1918, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, hukumar jihar ta ware mako guda na yaƙi da kurege, ta sa 'yan makaranta a ciki, aka yi musu alkawarin kyauta, aka koya musu zuba hatsi mai guba. Yaran sun kawo wutsiya fiye da 100,000. Duk da haka, yau kurege na nan a Kalifoniya, a gonaki da bayan gidaje da gefen titi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan ka kashe mai rami ka bar ramin, ka bar gida ginanne ga wanda zai zo daga maƙwabta, ga abinci kuma ba mai tsere da shi. Shi ya sa masanan noma na Jami'ar Kalifoniya ke ba da shawarar a rusa ramukan bayan an kawar da masu su, a yi huɗa mai zurfin da ya kai santimita 50, a kuma kwashe tarin itace da shara da suke fakewa a ciki.

Gubar kuma ta bi ta inda ba a aike ta ba. Irin wadda ke hana jini daskarewa ba ta kashewa nan take. Dabbar takan yi kwanaki tana yawo da ita a jiki, tana rauni, har ta zama abin kamu mai sauƙi ga mujiya da shaho da kyanwar daji. Su ma sai ta taru a hantarsu. A 2014 an kama wani zakin dutse da ya yi suna a birnin Los Anjalas, wanda ake kira P-22, ƙazuwa ta cinye masa fuska, aka kuma sami maganin ɓera a jininsa. A 2020 gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta taƙaita amfani da mafi ƙarfin waɗannan magunguna, ko da yake an bar wa harkar noma wasu ƙofofi. Wato hukumar da ta yarda mai fili ya kawar da kuregen da ke masa ɓarna, ita ce kuma ta tsaya masa a kan abin da zai zuba a ƙasar tasa. Har kuregen da ya kama da rai a tarko, doka ba ta yarda ya kai shi wani wuri ya saka ba sai da izini, don kada ya sauke wa wani kayansa.

Akwai wani maganin da nake so a yi hattara da shi ƙwarai, domin yana hannun mutanenmu: ƙwayar nan da ake jefawa a buhun wake da masara don kashe ƙwari, mai fitar da iskar fosfin idan ta ji danshi. A Amurka ƙwararru masu lasisi kan jefa ta a ramin kurege su toshe. A watan Fabrairu na 2010, a garin Layton na jihar Yuta, an sa ta a ramukan wasu ɓeraye kusa da wani gida. Iskar ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga ɗakuna, yara mata biyu 'yan gida ɗaya suka rasu. Bayan haka hukumar kare muhalli ta ƙasar ta hana amfani da ita a tazarar da ta gaza ƙafa 100 daga ginin da mutane ke ciki. Wanda ya ga rami a gindin katanga ko bayan rumbu, kada ya kuskura ya jefa wannan ƙwaya. Rami ba ya nuna maka inda ya ɓulla.

Cinna wa daji wuta don a fito da kurege da gafiya ma garin neman gira ne a rasa ido: ciyawar dabbobi ta tafi, ƙasa ta tsiraita, shi kuwa yana can ƙasan rami.

Abin da kawuna ya yi ba shi da ban mamaki, sai dai yana cin lokaci. Da rani ya sare sabarar da ta rufe surin, ya farfasa ramukan da ke iyakarsa da diga, ya share tazara tsakanin daji da kunyar farko, ta yadda duk kuregen da zai shigo sai ya ratsa fili a idon shaho. Da damina ta kama, ya jira maƙwabta suka fito shuka rana ɗaya da shi, domin gonar da ta riga kowa ita kaɗai take ciyar da kuregen unguwa gaba ɗaya. Ya ƙara yawan iri a kunyoyin gefe, ya ajiye mudu guda na cike gurbi. Tarko biyu ya ɗana a bakin ramin da ya ga sabuwar ƙasa a ƙofarsa, ya kifa musu tsohon kwando mai ƙofa don kada kaza ko zabo su taka, kuma kullum da yamma sai ya duba. Ya gargaɗe mu kada mu kama kurege da hannu. Mutane na cewa cizonsa dafi ne, gaskiyar kuwa haƙoransa na shiga da zurfi, raunin yana saurin ruɓa idan ba a wanke da sabulu an je asibiti ba.

Sauran aikin namu ne, mu yara. Daga hantsi zuwa la'asar, mako biyu cur, muna zaune a inuwar wata aduwa da kare da gwangwanin da muka cika da tsakuwa. Ranar da gyaɗar ta buɗe ganye huɗu, kawu ya zagaya gefen surin, ya tsuguna ya tona gindin tsiro ɗaya da yatsa, ya ga ƙwayar ta riga ta shanye. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya ce: "To, ku tafi gida. Sai kuma lokacin cira."