Fis uku da batir ɗaya: wahalar da wayar babur ta ba ni tsakanin Sokode da Dapaong

Iyalina suna Sokode, ni kuwa aikin koyarwa ya kai ni Dapaong, can arewacin Togo, tafiyar kusan kilomita 300 a kan babbar hanyar da ta taso daga Lome zuwa iyakar Burkina Faso. Duk ƙarshen hutu a babur nake komawa. A wannan karon, tun ina kwanar dutsen Aledjo, kafin Bafilo, hon da sigina suka ɗauke. Fis ya ƙone. Na sa wani a Kara, shi ma ya tafi a hawan Defale. Na ukun ko Kante bai kai ni ba.

A nan na tafka wauta. Wani ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya miƙo mini takardar azurfa ta kwalin sigari, na naɗe fis da ita. Wuta ta dawo, har ina yi masa godiya. Ina haye gadar kogin Oti zan shiga Mango sai ƙaurin roba ya taso daga ƙarƙashin tanki. Ga magariba ta kawo jiki, ga tireloli masu zuwa Burkina, yankin kuma yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2022. Ba inda za ka so dare ya riske ka da babur mai hayaƙi ba ne. Na zare fis ɗin, na kwana a Mango, da safe na buga kik na lallaɓa.

A Dapaong na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran wutar babur.

"Malam, fis nawa ka ƙona?"

"Uku, Baba."

"To ai fis ba shi ne ciwon ba. Ɗan aike ne, kai kuma ka toshe masa baki."

Bai sa sabon fis ba. Kwan fitila mai volt 12 ya ɗauko da guntayen wayoyi biyu, ya haɗa a gurbin fis ɗin, ya murɗa makulli. Kwan ya kama fes. Dalilin shi ne, idan robar waya ta goge har tagullar ta taɓa ƙarfen babur, wuta takan yanke hanya ta koma batir ba tare da ta bi ta hon ko sigina ba, sai ta kwararo da ƙarfin da zai narka fis. Shi kwan tare ta yake yi, ya ci ta ya yi haske, don haka babu abin da zai ƙone yayin da ake bincike. Sai ya shiga zare mahaɗan wayoyi ɗai-ɗai: na hon, na sigina, na fitilar burki. Kwan bai mutu ba. Can ya kama kan babur ya juya hagu, kwan ya mutu. Ya juya dama, ya kama. A wuyan babur, inda damin wayoyi ke lanƙwasa duk lokacin da aka sha kwana, wata waya ta goge ta yi baƙi ƙirin. Sai a lokacin na gane abin da ya sa a kan kwanonin duwatsu fis ke mutuwa. Ya yanke wurin, ya yi ƙari, ya naɗe da salatif, ya ɗaure damin nesa da ƙarfe.

Na ce tunda na zo, a duba mini sitata. Wata guda kenan tana yi mini ƙas-ƙas, har na sayi sabon batir a Sokode, ba ta daina ba. Ya auna batir: 12.6 a kashe, wajen 14 idan inji na aiki, lafiya lau. Ya ɗauko waya mai kauri, ya haɗa ƙafar batir mai alamar ragi kai tsaye da jikin inji, ya danna. Nan take babur ya tashi.

Wannan shi ne abin da makanikai a nan suke kira mas. A allo ina zana wa yara batir da kwan fitila da waya biyu, ta zuwa da ta komawa. A babur kuwa ƙarfen jikinsa ne wayar komawa, kuma wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ƙusar da ta ɗaure wayar mas da ƙarfen ta ci ruwan damina ta yi tsatsa, wuta ba ta wucewa sosai. Baba ya ce alamunta ba sa ɓuya: ka danna hon fitila ta dushe, ko ka kunna sigina fitilar baya ta riƙa ƙyafta ido tare da ita. Duk na ga waɗannan, na ɗora wa batir laifi.

Yaronsa ya goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure tamau, ya shafa giris. Yana wanke hannu ya tambaye ni, "Malam, ina tsohon batir ɗin?"

Na ce na bar wa mai shagon kyauta. Baba bai ce komai ba, fis biyu kawai ya jefa mini a aljihun riga.