Shin Ko Kun San? Kafin Ku Karɓi Makullin Gidan Haya A Bakin Tekun Zanzibar

Amare da angwaye da masu iyali daga ƙasashenmu sun gano hanyar Zanzibar, kuma da yawansu yanzu sun fi son kama gida sukutum a bakin teku a kan ɗakin otal. Akwai sirri, akwai kicin, akwai filin da yara za su yi guje-guje. Abin da babu shi ne ma'aikacin nan na otal da ke zaune dare da rana yana jiran tambaya. Mai gida zai miƙo makulli ya kama gabansa, sauran kuma ya rage naku.

Shin ko kun san tekun da kuka gani a hoto yana lasar katangar gida zai iya yin nisan da sai kun hango shi? A gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, wato Paje da Jambiani da Bwejuu da Matemwe, ruwa na janyewa ɗaruruwan mitoci, wani wurin ma ya haura kilomita 1, ya bar farin yashi da ƙananan kududdufai. Ba yaudararku aka yi ba. Sau 2 ruwan ke kawowa, sau 2 yake janyewa a kowace rana, tsakanin cika da janyewa awa 6 da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wata ne ke jan akalarsa. Wanda ya saba lissafin kwanan wata na Musulunci ya riga ya sami rabin ilimin: a kwanakin tsayuwar wata, da kuma wajen 14 da 15 ga wata, a nan ruwa ya fi cika ya kuma fi janyewa, har bambancin tsayinsa ya kai kusan mita 4. Wajen 7 ko 22 ga wata kuwa motsin kaɗan ne. Ku nemi jadawalin cikar ruwa wurin mai gida tun ranar farko. In kuma burinku ku faɗa ruwa duk sa'ar da kuka ga dama, to arewacin tsibirin ya kamata ku kama gida, Nungwi ko Kendwa, inda gaɓar ke da zurfi kusa.

Haɗarin yana wajen dawowar ruwan. Baƙo zai ga fili ya buɗe, ya bi yashi yana ɗaukar hoto har ya doshi layin duwatsun murjani can nesa inda igiyar ruwa ke fashewa. Ruwa in zai dawo ba ya sallama: ƙananan kwaruruka yake fara cikawa ta bayan mutum, kafin ya waiwaya hanyar da ya bi ta nutse. Wanda ninƙayarsa ta tsaya a kududdufin unguwa, kada ya yi wannan tafiya sai da ɗan gari, kuma ya juyo tun ruwa bai fara kawowa ba. Yawancin gaɓar nan babu masu ceto da aka ajiye.

Kada kuma a shiga babu takalmi. Akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi, tamkar bushiya ta dunƙule, tana maƙale a tsakanin duwatsu da ciyawa. Ƙayarta na karyewa cikin tafin ƙafa, tonon ta da allura kuma ƙara farfasa ta yake yi. Mutanen gari kan shafa ƙaron ɗanyar gwanda a wurin. Jiƙa ƙafar a ruwa mai ɗumi sosai na rage zogi, amma in ƙayar ta shiga gaɓa ko wurin ya kumbura, asibiti ya kamata a nufa.

Shin ko kun san turakun nan da igiyoyi da ke bayyana in ruwa ya janye gonaki ne? Ciyawar teku ake nomawa, wadda suke kira mwani. A 1989 aka fara noman ta don sayarwa a Paje da Jambiani, kuma akasarin masu yin ta mata ne. Ku zagaye, kada ku ratsa ta ciki. Kada ku ɗauki matan hoto sai sun yarda. Suna bakin nemansu ne, ba ado suka zo yi wa gaɓa ba.

Shin ko kun san in kuka fuskanci gabas a Zanzibar kun bar alƙibla? Mu nan gabas muka tashi muka tarar, har ƙafa kan juya can da kanta. Tsibirin kuwa kudu yake da Makka, kusan a layi ɗaya, don haka arewa sak ake dubawa. A gidajen gabashin tsibirin lissafin da sauƙi: teku ya kasance a hannun damanku. Mafi yawan mutanen Musulmi ne, mabiya mazhabar Shafi'iyya, saboda haka kada ku yi mamaki in liman ya bayyana bisimilla, ko ya ɗaga murya da alƙunutu bayan ɗagowa daga ruku'u a sallar asuba. Musulunci ya daɗe a nan. A masallacin Kizimkazi da ke kudancin tsibirin akwai rubutun da ke ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, daidai da 1107. Sai dai gidajen haya da dama na Turawa ne ko an tsara su don Turawa, don haka buta da darduma su shiga akwati. Ku kuma tambaya tun kafin ku biya ko akwai kare a gidan.

Agogon Zanzibar na gaba da na Najeriya da Nijar da awa 2, daidai da na Saudiyya. Amma ga inda ake yin kuskure: da Swahili daga fitowar rana ake fara ƙidayar sa'o'i. Ƙarfe 7 na safe shi ne sa'a ta 1, ƙarfe 8 sa'a ta 2. Direban da ya ce zai zo "saa mbili" ƙarfe 8 yake nufi, ba ƙarfe 2 ba. In maganar jirgi ce, ku nuna masa lokacin a fuskar waya, kowa ya huta.

Yanzu ga wadda ta shafi uwargida kai tsaye. Shin ko kun san rufin nan mai ban sha'awa na gidajen bakin teku, wanda suke kira makuti, busasshen ganyen kwakwa ne? Jinka ce, kuma iskar teku ba ta tsayawa. Tartsatsi ɗaya ya isa, gobarar makuti kuwa ta sha cinye otal-otal a tsibirin, tana tsallakawa daga rufi zuwa rufi. Na san Bahaushiya ba ta tafiya ba turaren wuta, amarya kuwa ba a ma magana. To, a bar kasko da garwashi a gida. A riƙe abin ƙona turare na lantarki, a ajiye shi a ƙasan siminti nesa da gidan sauro, a cire shi daga soket kafin a fita. Haka maganin sauro na kunnawa, haka gashin kifi a kan gawayi.

Lantarkin ƙarfin 230 ne, soket ɗin kuma mai ƙafa 3 irin na Najeriya, don haka caja za ta shiga lafiya. Mutanen Nijar da Kamaru da Chadi, masu caja mai zagayayyun ƙafafu 2, su zo da adafta. Wutar daga babban yankin Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar ke cikinta, take zuwa ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Da layin ya lalace a Disambar 2009, sai da Unguja ta yi kusan wata 3 a duhu, har Maris ɗin 2010. An sa sabuwar waya daga baya, amma ɗauke wuta bai ƙare ba. Tambayoyin da za a yi wa mai gida su ne: akwai janareta ko sola? Yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kawai? Mitar ta kati ce, in kuwa ta ƙare wa zai saka kuɗi?

Ruwan famfo na wanka ne. Ƙasar gabashin tsibirin dutsen murjani ce mai huji-huji, ruwan teku na kutsawa cikin rijiyoyi, shi ya sa za ku ji zartsi, sabulu ma ya ƙi kumfa. Na sha da na shayi a sayi na gora. In kun ga ɗan kwando a banɗaki da sanarwar kada a jefa takarda a shadda, ku bi: gidajen ba su haɗe da babban magudanar gari, rami ne kowane ke da shi.

Shin ko kun san mai fasfon Najeriya ko Nijar ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi? Sai an nema tun daga gida an jira amincewa, kuma tana iya ɗaukar makonni. Kada a biya kuɗin gidan da ba a mayarwa kafin ta fito. Za a nemi katin rigakafin shawara. Tun 1 ga Oktoban 2024 kuma duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar hukumar inshora ta tsibirin, wadda aka fara da dala 44 kan babban mutum na tsawon kwana 92, ko da yana da wata inshorar. Leda ma haramtacciya ce a Tanzaniya tun 1 ga Yunin 2019, don haka kilishi da yaji da kuka a sake musu mazubi.

Kuɗin ƙasar shilin ne. Na'urorin cire kuɗi ba su da yawa a ƙauyuka, masu canji kuma kan ƙi tsofaffin takardun dala. Kayan miya da na ƙamshi sun fi araha a kasuwar Darajani da ke cikin birnin Zanzibar, gara a yi cefane kafin a fita ƙauye.

Bayan katangar gidan ƙauyen mutane ne, da masallacinsu da makarantar allonsu. A 2021 hukumomi suka sanar da tara a kan masu yawo cikin gari da kayan wanka. Abin da ake so a rufe daga kafaɗa zuwa gwiwa. Wannan dai ba zai dami mai karatunmu ba. Cikin azumi kuma gidajen abinci da yawa a cikin gari ba sa buɗewa da rana.

Kifi ku ci ku more, amma duk wanda ya kawo muku naman kunkurun teku ku ce kun gode. A Maris ɗin 2024 yara 8 da babba 1 suka rasu a tsibirin Pemba na Zanzibar bayan sun ci shi, wasu 78 aka kwantar a asibiti. Dafuwa ba ta kashe gubar.

Wasu a gurguje. Kada a shimfiɗa tabarma ko a ajiye mota a gindin bishiyar kwakwa, domin ƙwallon da ya haura kilo 1 in ya faɗo daga tsayin mita 20 ba wasa ba ne. Kada a bar abinci a baranda: hankakan Indiya da aka kawo tsibirin a ƙarshen ƙarni na 19 ya hayayyafa, kuma ba shi da kunya ko kaɗan. Baƙar fata ma na ƙonewa a ranar bakin teku, musamman hanci da kafaɗa. An ci ƙarfin zazzaɓin cizon sauro a tsibirin amma ba a kawar da shi ba, a saki gidan sauro tun magariba. In kun ga kuɗin haya ya faɗi warwas a Afrilu da Mayu, manyan ruwan sama ne dalili.

Shin ko kun san a hannun hagu ake tuƙi? Najeriya ta bar wannan tsari tun 1972, saboda haka wajen tsallaka titi dama za ku fara dubawa. Mai son hayar mota sai ya karɓi takardar izinin tuƙi ta Zanzibar, lasinsa na gida kaɗai bai wadatar ba.

Daga Paje zuwa cikin birni, inda babban asibitin Mnazi Mmoja yake, kusan kilomita 50 ne, tafiyar awa 1 a mota, kuma motocin haya na dala-dala ba sa kwana a hanya. Kafin mai gida ya juya baya, ku karɓi lambarsa, da ta mai gadi, da ta direban da zai ɗauki waya ƙarfe 2 na dare, ku kuma sa ya nuna muku asibitin da ya fi kusa da gidan.