Makarantar limaman Kirista da ke zaune bisa ƙasa mai tsada a New York

A unguwar Chelsea ta birnin New York, inda ko taƙin ƙasa sai mai hannu da shuni, akwai wata haraba mai itatuwa da gine-ginen jan bulo. Nan ne General Theological Seminary, makarantar horar da limaman cocin Episkopal, wato reshen Anglikan na Amurka. Babban taron cocin ne ya kafa ta a 1817.

Tun farko dukiya ce ta zaɓa mata mazauni. A 1820 an mai da ita garin New Haven, amma da wani attajiri, Jacob Sherred, ya rasu a 1821 ya bar wasiyyar dala dubu 60 ga makarantar da za ta kasance a New York, sai ta dawo. Clement Clarke Moore, malamin Ibrananci da Girkanci, ya ba ta wani yanki na gonarsa ta tuffa. Lokacin nan wurin ƙauye ne. Birni ne ya zo ya tarar da ita.

Shugabanta Eugene Hoffman, wanda ya riƙe ta daga 1879 zuwa 1902, ya zuba dukiyarsa cikin gini, ya kuma saya mata Littafi Mai Tsarki bugun Gutenberg.

Amma tarihinta yana da tabo. A 1839 ta ƙi karɓar Alexander Crummell don shi baƙar fata ne. Crummell ya yi karatu a Kambirij ta Ingila, ya yi aiki kusan shekara 20 a Laberiya, ya zama ɗaya daga cikin masu kishin haɗin kan baƙar fata. Makarantar ce ta yi hasara. Sai a 1976 Pauli Murray ta fito daga can, a 1977 ta zama baƙar mace ta farko da cocin ya naɗa limamiya.

Tsohon gini kuwa cin kuɗi gare shi, ga ɗalibai na raguwa. A 1978 aka yi gwanjon littafin Gutenberg kan dala miliyan 2.2, ya tafi Stuttgart ta Jamus. Bayan 2010 bashi ya sa aka sayar da wasu gine-gine, aka mai da su gidajen masu kuɗi. A 2022 ta haɗa shugabanci da takwararta ta Virginia, a 2024 kuma aka sanar da ba jami'ar Vanderbilt hayar harabar na dogon lokaci.