Kumburi a Jikin Ɗan Adam: Ire-irensa, Alamominsa da Lokacin Zuwa Asibiti

Da wuya a samu gidan da ba a taɓa fama da kumburi ba, ko na ƙaya da ta soki manomi, ko na maruru, ko na haƙori. Sabo da shi ne ya sa muke raina shi, alhali wani kumburin yana warkewa da kansa, wani kuwa yana iya kai mutum kabari cikin kwana ɗaya. Manufarmu a nan ita ce mu fayyace wa jama'a yadda za su bambanta su.

Mene ne kumburi?

Kumburin da muke magana a kai martani ne da jiki ke mayarwa idan ya ji rauni ko ƙwayoyin cuta sun shige shi. Hanyoyin jini na wurin sukan buɗe, jini ya ƙaru, ruwa ya tsattsafo cikin tsoka, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, su taru don yaƙar cutar. Mugunyar da muke gani a maruru gawarwakin waɗannan dakaru ne haɗe da ƙwayoyin cutar da suka kashe. Ashe ke nan kumburi shaida ce cewa jiki yana kare kansa, kuma abin nema shi ne musabbabinsa.

Alamomi biyar

Masana sun ƙayyade alamomi biyar: wurin ya yi ja, ya yi zafi idan an taɓa, ya tasa, ya yi ciwo, sannan gaɓar ta kasa aikinta. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya riƙa sheƙi. Saboda haka mu riƙa taɓawa da bayan hannu muna gwadawa da ɗaya ɓangaren jiki.

Iri biyu

Na farko shi ne mai zuwa farat ɗaya, wanda kan lafa cikin 'yan kwanaki, kamar na targaɗe ko harbin kudan zuma. Amma a cikinsa akwai masu kisa idan sun kama kayan ciki, kamar namoniya, wato kumburin huhu, da sanƙarau, wato kumburin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. A annobar shekarar 1996, sanƙarau ya kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, akasarinsu a Arewa.

Na biyu shi ne mai daɗewa, wanda ke cin jiki a hankali tsawon watanni ko shekaru, wani lokaci ba tare da wata alama ba. Ciwon hanta nau'in B na iya zama a jiki shekaru masu yawa, mai shi yana harkokinsa, har sai hantar ta lalace. Tarin fuka da wasu nau'o'in amosanin gaɓɓai su ma suna cikin wannan rukuni.

Kumburin da ba na rauni ba

Akwai kuma kumburin da taruwar ruwa ce kawai, babu zafi, babu ja. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura yana iya kasancewa da tamowa mai tsanani. Mai juna biyu da fuskarta da hannayenta suka kumbura, ga ciwon kai, tana iya kasancewa da hawan jini mai kai wa ga jijjiga. Dukansu biyu asibiti suke bukata a ranar.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Kada a jira wayewar gari idan an ga zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya ko gushewar hankali, ko maɗigar jariri ta tasa, ko yaro yana numfashi sama-sama ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, ko leɓe da harshe sun kumbura numfashi na wuya. Haka nan idan kumburin rauni yana yaɗuwa, yana wari, ko ciwon ciki mai tsanani ya tsaya a ƙasan dama tare da amai. Tarin da ya wuce mako 2 shi ma a je a gwada majina. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe.

Abin yi da abin gudu

Ƙaramin rauni a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da tsumma mai tsabta. Mu guji sakiya da tsaga, da shafa kashin shanu ko ƙasa, domin suna shigar da cutar da ke sandarar da jiki ta ƙulle haƙora. Mu guji fasa kafso a barbaɗa a gyambo. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna rage zugi, amma yawan shan su na jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, kuma suna iya ɓoye cutar da ke ƙasa.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni, limamai da jami'an ƙananan hukumomi da su sanar da jami'in lafiya nan take idan an ga mai alamun sanƙarau, musamman daga hunturu zuwa ƙarshen bazara. A kuma ƙarfafa wa iyaye kai jarirai rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa, tare da kammala sauran allurai. A tanadi abin hawa na gaggawa a kowace unguwa tun kafin bukata ta taso, domin tun ran gini ran zane. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.