Bindigar Soja da Farautar Barewa

Tun da kaka ta yi, aka kawar da amfanin gona, samari suka fara shirin shiga daji, wani saƙo yake ta yawo a WhatsApp tsakanin mutanenmu na unguwar Malam Inna, wanda marubucinsa, ko wane ne shi, ya cakuɗa gaskiya kaɗan da ƙarya mai yawa, sa'an nan ya sake shi cikin jama'a ba tare da tunanin wanda zai jefa cikin halaka ba. Cewa ya yi gajeriyar bindigar soja ta fi kowane makami dacewa da farautar barewa da gada, kuma wai duk mai katin ƙungiyar mafarauta yana da iznin riƙe ta.

Gaskiyar da ke ciki ita ce a Amurka akwai masu harbin barewa da M1, ƙaramar bindigar Yaƙin Duniya na Biyu, amma su kansu sun tafi a kan cewa ba ta wadatarwa sai a kusa, kuma da harsashi mai taushin kai. Harsashin soja kuwa, tun yarjejeniyar Hague ta 1899, a lulluɓe yake da ƙarfe don kada ya buɗe cikin jiki, saboda haka sau da yawa yakan ratsa dabba ya wuce, ta gudu da rauni ta mutu inda ba a gani. Ga shi kuwa a littafin Risala an sharɗanta kada abin da aka harba ya kwana a ɓace. Shi kuwa naman da harsashi ya kashe in an yi bismilla, malaman Malikiyya na baya sun halatta shi tuntuni.

Maganar kati ce musiba, domin ita ce za ta kai ɗan mutane kurkuku. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959, wadda har yau take aiki, ta kasa bindigogi kashi uku: bindigar toka, wadda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izninta, bindigar farauta irin mai baki biyu, wadda lasisinta ke hannun Sufeto Janar, sai bindigogin soja, irin su AK-47, waɗanda babu mai ikon halatta wa farar hula su face Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin wanda aka kama da ɗaya ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Katin ƙungiya shaida ce ta zama memba kawai, ba ya cikin waɗannan uku, ko da kuwa Sarkin Baka ne ya sa masa hannu.

Ba na ganin laifin waɗanda suka gaskata, domin sun ga mafarautan Gombe da Adamawa sun taya sojoji yaƙi da Boko Haram, sun kuma san dajin yau ba irin na iyayensu ba ne. Amma su tuna da watan Maris na 2025, lokacin da aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta masu komawa Kano, bisa zalunci da zato, alhali bindigogin toka ne kaɗai aka gani tare da su. Su kuma tuna harsashin AK-47 yana iya tafiya fiye da kilomita 2 idan ya kuskure, a dajin da ke cike da makiyaya da mata masu neman itace.